Uwarsa Tana Shinkafi

Litinin, bayan la'asar

Rukayya ce ta ba ni wannan littafi, ragowar na makarantarta, rabinsa duk lissafi ne. Ta ce in riƙa sauke abin da ke cina a nan maimakon in sauke shi kan kayan mutane. Jiya ta ga na fasa murfin tulun Hajiya Lami. Ba da gangan na fasa ba, amma ban ji wata nadama ba.

Muna Kaura, gidan Alhaji yayan mijina Malam, tun da muka baro Birnin Tsaba damina na tsaka. Ɗakin da suke ajiye gawayi aka share mana, har yanzu in na jingina da bango sai zanena ya yi baƙi. Ni da Rukayya matar yaron nan muke ciki, cikinta ya tsufa, da ƙyar take juyawa. Malam yana kwana a shagon zaure, jininsa ya hau tun ranar da muka fito bai kuma sauka ba. Geronmu yana can tsaye a gona, ya nuna, tsuntsaye na ta shagali. Ni kuma ina nan Hajiya Lami matar Alhaji tana auna mini gari da ido.

Yaron nan bai biyo mu ba. Ya zauna tare da ƴan sa-kai masu gadin gari. Da ana samun waya yakan kira matarsa, ni kuma in ɗauko faifai in zauna bakin ƙofa ina tsintar waken da na riga na tsince. Yanzu an yanke layin waya ko'ina, ko wannan satar jin ma babu.

Yaron nan ɗana ne na fari. Ba na faɗin sunansa, ban taɓa faɗa ba, kamar yadda uwata ba ta taɓa faɗin na yayana ba har ta koma ga Allah. Da aka yaye shi Gwaggo Tambari yayar Malam ta ɗauke shi zuwa Shinkafi, a hannunta ya yi wayo. Ita yake kira Inna, ni kuma Yaya. Ranar da za mu fito ya ɗora mana kaya a mota, ya yi wa ubansa sallama, ya yi wa matarsa. Ya zo gabana ya ce, "Yaya, sai mun zo." Na ce, "To," ina gyara ɗaurin buhu. Ban ɗaga kai ba.

Talata, da hantsi

An rufe kasuwannin mako, amma ƴan hatsi suna fitar da kaya ta bayan shago, nan nake zuwa sheƙe dawa tare da wasu mata. Ƙaiƙayi ya cinye mini wuya. Abin da nake samu a maganin Malam yake tafiya, shi kuma yana sha yana cewa bai ga amfaninsa ba.

Jirgi ya wuce ta gabas muna cikin aiki. Duk muka tsaya da ƙwarya a hannu muna kallon sama, kamar akwai wadda za ta iya karanta wani abu a jikinsa. Wata ta ce wajen Zurmi ya nufa. Na ce mata ta sheƙe dawarta.

Alhamis, bayan azahar

Yau ba zan rubuta komai ba.

Juma'a, da safe

To bari in rubuta, ko na samu numfashi.

Jiya gidan nan cike yake da mata, ƴar Hajiya Lami da ta zo haihuwa gida ta sauka, ana ta zuwa barka. Tsakar gida ba wajen sa ƙafa. Ina gefe ina dama kunu sai aka yi sallama a zaure. Hajiya Lami ta leƙa, ta dawo tana murmushin nan nata, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku saurara mata. Wani na ƙohwar gida shina neman uwar wane." Ta kira sunan, ɓaro-ɓaro. "Yac ce saƙo garai, ita ɗai za shi ba."

Duk suka juyo kaina. Tsofaffin suna dariya ƙasa-ƙasa, suna jira su ga yadda zan yi. Wata ta ce, "Ga ta nan, ta yi awa ba ta ji ba." Ƙafafuna sun so tashi, wallahi sun so. Amma bakina ya riga su, ya faɗi abin da ya saba faɗi tun ina yarinya mai goyo.

Na ce, "Uwatai tana Shinkahi."

Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "Balaraba ke nan, ɗiyar mutunci, irinku sun ƙare." Hajiya Lami ta koma zaure. Ni a zatona za ta ce masa ya jira, ko ta karɓo saƙon, ko ta yi masa bayani, ai ita ta san wace ce ni. Na ci gaba da dama kunu don kada a ce na yi rawar jiki. Da hankalin mutane ya koma kan jaririya sai na ɗauki buta na zaga, na ja hijabin Rukayya daga igiya na fita ta ƙofar baya.

Babu kowa a ƙofar gida. Sawun babur kawai na gani a laka.

Asabar, bayan la'asar

Na tare Hajiya Lami a madafi. Na ce me ta faɗa wa mutumin.

Ta ce, "Abin da kinka ce mana. Ke kinka ce Shinkahi, ni in ce ina?"

Na ce ba ta gaya masa cewa ni ce ba?

"Ni in tona maki asiri gaban baƙo? Na dai ce ya bar saƙon, yac ce a'a. Nic ce ga ubanai nan shago kwance, yac ce a'a. Nic ce ga matatai, yac ce a'a. Sai yat tambayi wace unguwa a Shinkahi, nig gaya mai ta Gwaggo Tambari, yat tahi."

Na tambayi kamanninsa. Ta ce baƙi ne, siriri, ɗan kabu-kabu, hannunsa na hagu naɗe da tsumma. Sunansa fa? Ba ta tambaya ba. Daga ina? Ba ta tambaya ba. Matar da ta san adadin ashanar da ke cikin kwalin madafinta, yau ita ce ba ta tambaya ba. Sai ma ta ƙara da cewa, "In labarin mutuwa na, da maza za a gaya ma. Ki kwantar da hankalinki." Na so in ce mata nawa hankalin ne, in na ga dama in tsayar da shi.

Na faɗa wa Malam. Yana murɗa rediyo ya ce, "Kin yi daidai. Tambari za ta aiko." Ta aiko da me, da tsuntsu?

Rukayya ta ji duk abin da ya faru. Tana gaishe ni, tana ba ni ruwan alwala, amma ba ta kallon fuskata.

Lahadi, da asuba

Hannu naɗe da tsumma. Me ya sami hannun, kuma a ina?

Talata, bayan azahar

Na bar sheƙe na tafi inda ƴan kabu-kabu suke taruwa kusa da tasha. Babu mai, yawancinsu zaune suke kan baburan suna hira. Na gaishe su, na ce ina neman wani ɗan'uwansu mai ciwo a hannu, wanda ya zo gidan Alhaji Maitama ranar Alhamis.

Wani ya ce, "Inna, rabinmu ciwo garemu. Wa ya aiko shi?"

Na ce wani yaron gidanmu.

"Wane yaro? Mi sunanai?"

Na ce yana can Birnin Tsaba, dogo, mai wushirya.

"Inna, sunanai muka tambaya."

Sunan yana nan a maƙogwarona, ina jin nauyinsa, amma ya ƙi hawowa. Ga samari sa'anninsa sun zuba mini ido. Na ce ɗan Malam ne, mijin Rukayya. Suka kalli juna. Babbansu ya sauko daga babur ya ce, cikin ladabi dai, "Inna, ki yi haƙuri. Zamanin ga mace ta zo tana tambayar ɗan sa-kai, ba ta san sunanai ba, ba mu cewa komi. Masu kai rahoto daji sun yi yawa, har da tsohwahhi."

Ni. Ni ce mai kai wa ɓarayin daji rahoto. Na dawo gida ina tafe ina zage-zage a zuci, ban san wa nake zagi ba, su ko ni. Da na shigo Hajiya Lami ta ce itace ya yi tsada, a rage ɗumama ruwan wanka. Ruwan da nake ɗumamawa na mai ciki ne.

Laraba, da hantsi

Alhaji ya ce ya tambaya a tasha, babu motar da ke zuwa Shinkafi sai ranar da sojoji suka yi rakiya, kuma ba a sanar da ranar. Ya ce mu yi ta addu'a. Ina yi. Ban fasa ba. Amma ina so in san wace addu'a zan yi, ta mai rai ko ta wanda ya riga mu.

Astagfirullah. Ban rubuta wannan ba.

Alhamis, bayan magariba

Mun je gaisuwa makarantar firamaren da mutanen garinmu suke zaune. An kawo wa A'isha maƙwabciyarmu labarin rasuwar Kamalu, autanta. Ba zan rubuta yadda aka ce ya faru ba. An dai ce an yi artabu a bakin gulbi, makon da ya wuce, kuma ba shi kaɗai ba ne.

A'isha tana birgima tana kiran sunansa, Kamalu, Kamalu, mata suna rirriƙe ta. Na zauna kusa da ita ina ba ta haƙuri, kuma Allah ya gani, hassada nake yi mata. Ta san inda nata yake. Tana da bakin kiransa. Na duba ko akwai wanda zan tambaya su wa da wa ke bakin gulbin, sai wata ta dafa ni ta ce wa sauran, "Ku dubi Balaraba, nata ɗan na can, ko a huska ba ka gani. Dauriya sai ta mutanen da." Suka yi ta sa mini albarka. Da wannan albarkar suka rufe mini baki, na tashi ban tambayi kowa ba.

Makon da ya wuce. Mutumin ya zo ranar Alhamis ta makon da ya wuce.

Asabar, bayan azahar

Yau Rukayya ta fashe. Ina shafa mata man zafi a ƙafa, sun kumbura kamar tulu, sai ta janye.

Ta ce, "Inna, don Allah in tambaye ki. Kina son shi kuwa?"

Na ce wace irin magana ce wannan.

"Saƙonai yaz zo har ƙohwar gida. Taku kaɗan tsakaninki da shi. Kinka kore shi don kar tsohwahhi su yi maki dariya. Ni ba ni barci, abin da ke cikina ba ya barci, ku kuna ta kunya. Kunyar wa? Wa za ta yi ma magani?"

Na ce ta iya bakinta, ni ba sa'arta ba ce. Ta ce ta sani, ta yi kuka, ta ba ni haƙuri. Na fita na bar ta, na je bayan ɗaki inda ake zuba toka na tsaya.

Ina son shi kuwa. Yarinyar da aka haifa jiya. Ba ta san lokacin da Gwaggo Tambari ta tafi da shi na yi wata nonona yana zuba ina cusa zane a baki don kada a ji ni ba. Ba ta san duk zuwan da yake yi hutu ni nake zaɓar masa tsokar da ta fi kowace in ba ƙanwarsa ta kai, in ce inji ubansa. Ba ta sani ba domin ban bari kowa ya sani ba, har shi. Wannan ne abin da ya tsaya mini a rai tun ɗazu. Har shi.

Na ji haushinta ƙwarai, kuma gaskiya ta faɗa.

Lahadi, da hantsi

Malam ya ce in daina safa da marwa a tsakar gida ina sa masa jiri. Na ce ya rufe ido.

Litinin, bayan la'asar

A wajen sheƙe na daina ɓoye-ɓoye, duk wadda ta zo sai na tambaye ta ɗan kabu-kabu mai naɗaɗɗen hannu. Lubabatu, wata ƴar Kasuwar Daji da ke aure a nan, ta ce akwai Muttaka ɗan unguwarsu. Ta ce shi ke kai wa ƴan sa-kai garin tuwo da magani can wajen Zurmi, kuma kwanan nan ya dawo da hannu a naɗe, ya ƙi gaya wa ko matarsa abin da ya same shi.

Na gaya wa Malam gobe zan je Kasuwar Daji. Ya ce da izinin wa. Na ce da nasa, yanzu zai ba ni. Ya kalle ni ya daɗe, tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya ce, "Allah shi kiyaye hanya."

Talata, bayan magariba

Na sami Muttaka.

Keke napep na shiga, mu shida kamar kifi a gwangwani. A Kasuwar Daji aka nuna mini wata bishiyar darbejiya inda ƴan kabu-kabu suke zama. Tun daga nesa na ga tsumman. Baƙi, siriri. Na gaishe shi na ce ni ce daga gidan Alhaji Maitama na Kaura. Ya miƙe da sauri, ya ja ni gefe kaɗan, amma abokansa suna jin mu.

Na ce ya kai saƙon Shinkafi?

Ya ce, "Inna, sau biyu ina kama hanya ana maido ni. Ga shi ba mai. Abin ga ya hana ni cin abinci."

Na ce to ya ba ni.

"Ba ni iyawa. Na yi rantsuwa. Yac ce kar in gaya ma ubanai, jininai za ya hau. Kar in gaya ma matatai, tsohon ciki gare ta. Uwatai ɗai. Kuma gidanku anka ce mani tana Shinkahi."

Na ce ni ce na faɗi haka.

"To ke wace ta garai?"

Na ce ni ce matar ubansa. Ka ji fa. Har a nan, har a wannan lokaci, bakina yana neman hanyar zagayawa. Ya girgiza kai ya ce matar uba ba uwa ba ce, in yi haƙuri, magana ce ta rai. Ya juya zai koma wajen babur ɗinsa.

Ban san lokacin da na riƙe masa riga ba. Na ce yana da tabon ƙuna a kafaɗar dama, ya faɗa murhu yana rarrafe, ni na tsamo shi, ga nawa tabon a yatsu. Na nuna masa. Ya duba, sannan ya ce, "Inna, wa kika nema? Hwaɗi sunanai."

Na faɗa.

Da farko bai fito ba, iska kawai. Na sake. Ya fito da ƙarfin da ban yi niyya ba, har mai shayi ya juyo. Na ce ni na haife shi, ni Balaraba, ranar wata Laraba ana ruwa, babu wata uwa tasa a Shinkafi sai wadda ta goya. Ƙasa ba ta tsage ba. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo mai faci ma cire hularsa ya yi ya mayar.

Muttaka ya dafe kai. Ya ce, "Inna lillahi. Wallahi haka yac ce mani. Yac ce wadda ta haihe ni, tana Kaura, ba ta son a sani amma ita ka iya tashi tsaye. Da anka ce Shinkahi na ɗauka ƙaura kinka yi."

Yana da rai. An harbe shi a ƙafa a bakin gulbi, Muttaka ne ya ɗauko shi a babur, a nan shi ma ya samu nasa raunin. Ya ɓoye shi a Zurmi gidan wani Tsoho mai ɗori, don in aka ji inda ɗan sa-kai yake kwance ana iya biyo shi har gidan. Ba ya iya zama kan babur kuma. Mota ake bukata, da wani nasa da zai tsaya masa a asibiti. Abin da aka aiko a gaya mini ke nan ranar da nake dama kunu.

Na tambayi yadda ƙafar take. Muttaka ya kalli ƙasa ya ce rabonsa da shi an kwana biyu.

Da na dawo ban bi ta kan Hajiya Lami ba. Na shiga har turakar Alhaji, abin da ban taɓa yi ba, na ce ina son a-kori-kurar da yake ɗaukar hatsi, da direba, da man da na san yana ɓoye a bayan rumbu. Ya buɗe baki zai yi maganar addu'a. Na ce za mu yi ta a hanya.

Alhamis, bayan la'asar

Mun je, mun dawo. Muna asibiti a Kaura, ina zaune a baranda.

Mun bi bayan motocin sojoji da safe, ni da Muttaka da direban Alhaji. Hanyar Zurmi ba kowa, gonaki dama da hagu gero ya sunkuya ba mai yanka. Ban kalli mahaɗar da ke zuwa garinmu ba.

Tun daga zauren Tsoho na ji warin. Na san wannan wari, na taɓa jin sa a jikin saniyarmu da ƙaya ta ruɓar wa kofato. Tsoho ya ce ya yi iya yinsa, shi karaya ya sani, wannan kuwa ta fi ƙarfin ganye. Ya ce kullum yaron yana tambaya ko an zo daga Kaura.

Yana kwance kan tabarma a ɗakin baya, ya rame har wushiryar ta yi masa girma a baki. Na tsaya a bakin ƙofa. Shekara da shekaru ban taɓa kallon fuskarsa kai tsaye ba, sai ta gefen ido, yau na kalla. Kamar ubana yake, ban taɓa lura ba.

Ya ce, "Yaya, kin zo."

Na ce na zo.

"Na san ke za ki zo. Na dai ga an daɗe."

Muttaka ne ya cike wajen, yana ƙoƙarin sa shi dariya. Ya ce, "Kai, ba ka ga abin da Inna tay yi ba Kasuwar Daji. Ta riƙe man riga gaban jama'a, tana kiran sunanka har mai shayi ya zubar da madara."

Ya juyo da kai a hankali ya dube ni. Leɓensa duk ya bushe, amma sai da ya yi murmushi.

Ya ce, "Yaya, ashe kin san sunana."

Na zauna a ƙasa na ɗora kansa a cinyata, a gaban Tsoho, a gaban direban Alhaji. Haka muka taho a bayan mota har Kaura, ina kare masa rana da hijabina.

Likita ya buɗe ƙafar ɗazu. Ya tambayi yaushe abin ya faru, aka gaya masa. Ya ce me ya sa ba a kawo shi tun a makon farko ba, da an ceci ƙafar. Ya tambaya yana kallon Muttaka. Muttaka bai kalle ni ba, Allah ya saka masa.

Juma'a, da hantsi

Hajiya Lami ta kawo kunu asibiti. Ta ce mata suna ta maganar abin da na yi a Kasuwar Daji, wai tsohuwar nan da ta yabe ni ta ce ashe ni ma ƴar zamani ce. Na ce ta gaishe ta.

Rukayya tana ciki wajensa. Da za ta shiga ta kama hannuna ta riƙe. Malam an gaya masa rabin labarin.

Asabar, bayan azahar

Sun yanke ƙafar, daga ƙasan gwiwa. Da na tashi daga kan kunun nan da tana jikinsa, wannan ba sai likita ya gaya mini ba.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo baranda ɗazu ta ce ya farka yana neman ruwa, ina mai jinyarsa, wace ce uwarsa. Baranda cike da matan gidanmu. Na miƙe.

Bilyaminu ya sha ruwa. Ni na ba shi.